Yadda ake karanta tarihin duwatsun daiman da ma'aunin isotof: daga bakin mayo zuwa ɗakin gwaji

Wani bawan Allah mai haƙar zinariya ya taɓa kawo mini dutse ƙulle a cikin tsumma, ya ce ya tsince shi ne a wani rami da ake fasa tsakuwa kusa da Ngaundere. Baƙin dutse ne mai nauyi, amma a tsakiyarsa akwai wani dunƙule kamar ƙwan zabuwa, kore shar, wanda idan aka murza shi da yatsa sai ya riƙa zubar da ƙwayoyi kamar sukari. Ya ce mini: "Malam, an ce irin wannan daga can ƙasan ƙasa yake fitowa, inda daiman yake. Ko akwai rabo?" Rabin maganarsa gaskiya ne, domin koren dunƙulen daga mantul ya fito, wato ɓangaren duniya da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Sai dai bai fito daga zurfin da daiman ke tsirowa ba, kuma ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke cikinsa su ne suka tona wannan asiri. Na rubuta wannan jagora ne saboda ɗalibanmu na ilimin duwatsu a Ngaundere da Meiganga da Marwa da Njamena, da duk wanda yake son sanin yadda ake sa dutse ya faɗi shekarunsa da inda ya fito, ba tare da an ɗora masa maganar da bai faɗa ba.

Abin da za ka riƙe kafin ka ɗauki guduma

Ƙarƙashin ɓawon ƙasa, wanda kaurinsa a nahiyoyi yakan kai kilomita 30 zuwa 40, akwai mantul, wanda ya gangara har zuwa kilomita 2,900. Yawancin daiman, wato lu'ulu'un da ake haƙowa, sun samu ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, cikin zafin da ya kai digiri 900 zuwa 1,300, a ƙarƙashin tsofaffin gindayen nahiya da ake kira kiraton, waɗanda saiwarsu take da kauri da ɗan sanyi. Tun 1966 masanin duwatsu Tom Clifford ya lura cewa ramukan daiman masu riba a kan irin waɗannan tsofaffin gindaye suke. Abin da yake fito da daiman sarari shi ne narkakken dutse mai yawan iska da ruwa da ake kira kimbalait, wanda ya samo suna daga garin Kimbali na Afirka ta Kudu, sai kuma ɗan'uwansa lamforait, irin na ramin Argyle da ke Ostireliya.

A nan ne gindin maganar yake: kimbalait ba shi ya haifi daiman ba, ɗan dako ne kawai. Yana tasowa da gudu, yana ɓalle gutsattsarin duwatsun da ya ratsa yana tafe da su, kuma waɗannan gutsattsari su muke kira baƙin duwatsu, wato duwatsun da suka zo baƙunta. Iri biyu ne suka fi muhimmanci: feridotait, mai yawan koren ma'adinin olibin, da ekilojait, mai jan ganet da koren firoksin. Saboda haka duk samfurin da ya zo hannunka yana ɗauke da aƙalla labari uku: ranar da ɗan dakon ya taso, ranar da baƙon dutsen ya samu, da ranar da daiman ɗin ya tsiro. Duk aikin da zan bayyana ƙoƙari ne na raba waɗannan muryoyi uku, kada ɗaya ta shige cikin ɗaya.

Isotof kuwa 'yan uwa ne na sinadari guda waɗanda nauyinsu ya bambanta saboda yawan niyutiron da ke cikinsu. Wasu tsayayyu ne, kamar kabon-12 da kabon-13, ko oksijin-16 da oksijin-18, kuma da su ake gane asalin abu. Wasu kuma suna rikiɗa a hankali daga uwa zuwa 'ya bisa ƙa'idar da zafi ko matsi ba sa canzawa, kuma da su ake ƙidayar shekaru. Samariyam-147 yana komawa niyodimiyam-143, kuma sai an yi shekara biliyan 106 kafin rabinsa ya rikiɗa. Rubidiyam-87 yana komawa sitirontiyam-87 da rabin rai na kusan shekara biliyan 49. Reniyam-187 yana komawa osmiyam-187 cikin kusan biliyan 42. Yuraniyam-238 kuma yana ƙarewa a dalma-206 cikin biliyan 4.47.

Mataki na farko: tsayar da tambayarka, sannan ka dubi taswira da idon gaskiya

Ka rubuta tambaya guda a shafin farko na littafin filinka. Shekarun aman wutar kake nema, ko tsufan mantul ɗin da ke ƙarƙashin yankin, ko asalin kabon ɗin daiman? Kowace tambaya da irin ma'adinin da za a tsinta da na'urar da za a nema, kuma wanda ya tara duwatsu ba tambaya, daga baya zai tarar bai ɗebo wanda ake buƙata ba.

Game da yankinmu, ya kamata a yi magana ba rufa-rufa. Ƙasar Adamawa da Binuwai da Mayo Kebbi tana zaune ne a kan ɓawon da aka dama a babban rikicin duwatsu na Afirka kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ba a kan kiraton ba. Tsohon gindin Kwango yana can kudancin Kamaru, wajen Ntem. Duwatsun aman wuta na layin Kamaru, wanda ya miƙe wajen kilomita 1,600 daga tsibiran teku zuwa wajen Tafkin Chadi, sun fito da baƙin duwatsu masu yawa a Nyos da kewayen Ngaundere da tsaunukan Kapsiki, amma galibinsu masu sifinel ne, wato waɗancan baƙaƙen ƙwayoyi da na gani a dutsen mai haƙar zinariya. Sifinel yana ba ganet wuri a zurfin kilomita 60 zuwa 80, daiman kuwa sai an ninka wannan zurfi. Daiman ɗin da aka sani a Mobilong, gabashin Kamaru, da na Karno da Berberati a Afirka ta Tsakiya, a cikin tsakuwa da duwatsun yashi yake, wato ruwa ne ya kwaso shi daga ainihin mahaifarsa. Wannan bai rage darajar duwatsunmu ba. A ganina babu makarantar da ta fi su ga mai koyo, domin hanyar da za a bi da feridotait na Adamawa ita ce za a bi da na Kimbali, kuma sanin irin mantul ɗin da ke ƙarƙashinmu ilimi ne da ya kamata 'ya'yan ƙasar su riƙe da kansu.

Mataki na biyu: izini da ɗibar samfuri

Ka nemi takardar izini daga ma'aikatar ma'adinai da wasiƙar jami'arka, sannan ka je ka gai da lamido ko jauron wurin, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Idan daiman ne da kansa za a fitar waje, ka sani Kamaru ta shiga Tsarin Kimbali, wato yarjejeniyar ƙasashe ta sa ido kan cinikin ɗanyen daiman, a 2012, kuma ɗanyen daiman ba ya tsallaka iyaka sai da takardar shaida.

A fili, abokin gabanka shi ne ruɓewa. Olibin yana saurin lalacewa a ƙasa mai zafi da damina, ya koma jan gari ko ma'adinin safentin mai santsi. Ka fasa babban dutse da guduma da kurfi har ka kai cikinsa, ka zaɓi dunƙulen da ya kai girman dunƙulen hannu ko ya fi, domin ƙarami narkakken dutsen da ya ɗauko shi ya riga ya ratsa shi. Ka ɗebi ɗan dakon ma daban, kilo biyu ko uku, daga inda babu baƙin duwatsu. Kowane samfuri da jakarsa, da lambarsa a waje da kuma a takarda a ciki, da wurinsa bisa na'urar GPS, da hoto kafin a fasa.

Idan kimbalait ɗin da ya ɓuya ake nema, to ba daiman ake farauta ba, abokan tafiyarsa ake bi, domin sun ninka shi yawa nesa ba kusa ba. Ka je inda ruwan mayo, wato rafi, yake karya gudu, bayan babban dutse ko cikin kwarmin ƙasan rafi, ka haƙa har ka taɓa dutse, ka ɗebi tsakuwa kamar kilo 20, ka tace da rariya mai ido milimita 2 sannan da mai rabin milimita, ka wanke a tasa yadda masu zinariya suke yi. Abin da ya zauna a gindin tasa ka shanya shi a inuwa. Kana neman ganet mai launin ja da ya karkata zuwa shuni, da koren firoksin mai haske kamar ɗanyen ganye, da baƙin ilmenait mai ƙyalli, da kuromait. Kada ka wuce shuri ba ka ɗebi ƙasarsa ba: gara tana gangarawa neman danshi tana fito da ƙwayoyi daga ƙasa, kuma irin waɗannan ƙwayoyi na cikin abin da ya taimaka aka gano ramin Jwaneng na Botsuwana, wanda yashin Kalahari ya binne.

Mataki na uku: gwaji mai araha kafin mai tsada

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin a kashe ko sefa ɗaya a kan isotof, a yanka dutsen a goge shi har kaurinsa ya koma kashi 30 cikin dubu na milimita, a duba a madubin ƙara girma. Nan za ka ga ko akwai jijiyoyin narkakken dutse da suka kutsa, ko ganet ya yi baƙin zobe a gefensa, ko ma'adinan sun zauna lafiya da juna. Daga nan sai na'urar lantarki mai auna sinadaran ƙwaya guda. Olibin na tsohon kiraton yakan nuna maganiziyam kashi 92 zuwa 93 cikin ɗari idan aka gwada shi da ƙarfe, na mantul ɗin da ba a tatse ba kuwa 89 zuwa 90. Ganet mai yawan kuromiyam da ƙarancin kalsiyam, wanda ake kira G10 kuma John Gurney na Kef Tawun ya shahara da amfani da shi, alama ce mai ƙarfi ta mantul mai daiman. Da sinadaran firoksin da ganet ake lissafa zafi da matsin da dutsen ya zauna a ciki, a ga ko ya faɗa ɓangaren da kabon yake zama daiman ko ɓangaren da yake zama girafait, wato baƙin kabon mai laushi. Samfurin da ya faɗi wannan jarrabawa ka ajiye shi.

Mataki na huɗu: daka da tsinta

Wannan shi ne matakin da ake rainawa, kuma a nan ne yawancin sakamako yake lalacewa. Ka yanke gefen baƙon dutsen gaba ɗaya, ka goge inda zarto ya taɓa, ka wanke da tataccen ruwa. Ka naɗe shi a leda mai kauri kafin ka buga, don kada ƙarfen guduma ya taɓa shi, kuma garin da za a auna a niƙa shi a turmin agat ko na alumina. Na taɓa ganin aikin wata uku ya tafi a banza saboda an niƙa feridotait a injin da aka niƙa dutsen giranit da safe ba a wanke shi da kyau ba; sitirontiyam ɗin da ya fito na giranit ne, mai samfurin kuma har ya fara murnar ya gano sabon abu. Tsakanin kowane samfuri da na gaba a niƙa farin yashi mai tsabta a zubar.

Tsintar ma'adini kuwa aikin haƙuri ne irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa. Za ka zuba ƙwayoyin a ƙaramin faranti na gilashi, ka rufe su da alkohol don haske ya ratsa su, ka zauna da matsefata a ƙarƙashin madubi kana juya kowace ƙwaya. Wadda take da tsaga, ko gizo-gizo a cikinta, ko ɗigon baƙi, ka ture ta gefe, komai kyanta. Miligiram 50 na tsabtataccen firoksin yana iya cin yini biyu. Bayan haka a jiƙa ƙwayoyin a asid mai sauƙi don a cire abin da ya manne a bayansu, a sake dubawa. Dalilin wannan wahala shi ne kimbalait ya fi ganet da firoksin na mantul yawan sitirontiyam da niyodimiyam nesa ba kusa ba, ta yadda ɗan abin da ya maƙale a tsaga ya isa ya danne muryar baƙon gaba ɗaya.

Mataki na biyar: zaɓen ma'aunin da ya dace da tambaya

Shekarun ɗan dako su ne mafi sauƙi. Ana auna yuraniyam da dalma a ma'adinin ferobuskait da ya tsiro cikin kimbalait ɗin, ko rubidiyam da sitirontiyam a maika mai ruwan zinariya da ake kira filogofait. Da irin haka aka san ramukan Kimbali suna da wajen shekara miliyan 85 zuwa 90, Orapa na Botsuwana wajen miliyan 93, ramin Premier kuma, inda aka samu daiman ɗin Cullinan mai karat 3,106 a 1905, wajen miliyan 1,150. Sitirontiyam da niyodimiyam na ɗan dakon suna kuma nuna inda ya narke, kuma da su Craig Smith ya raba kimbalait ɗin kudancin Afirka gida biyu a 1983.

Don tsufan mantul kuwa, osmiyam ya fi kowa riƙon amana, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Idan mantul ya narke, reniyam yana bin ruwan dutsen ya tafi, osmiyam kuma ya tsaya a cikin abin da ya rage. Da yake uwar ta tafi, haihuwar osmiyam-187 ta tsaya ke nan, sai ma'aunin osmiyam-187 bisa osmiyam-188 ya daskare a inda yake ran da aka yi narkewar. Mantul na yau yana wajen 0.127 zuwa 0.130, feridotait na kiraton kuwa yakan sauka wajen 0.11 ko ƙasa, abin da ke nuna narkewa tun shekara biliyan 2.5 zuwa 3. Wannan lissafi mafi ƙarancin shekaru yake bayarwa, saboda haka a rubuta shi da kalmar "aƙalla". Ana narkar da garin dutsen ne a cikin bututun gilashi da aka like bakinsa da wuta, domin osmiyam yana tserewa a matsayin tururi mai guba, aikin da ba a yi sai a ɗakin da aka tanada masa.

Ekilojait kuma oksijin ake tambaya, wato ma'aunin oksijin-18 bisa oksijin-16. Ana rubuta sakamakon da alamar δ, wato bambancin samfuri da ma'aunin duniya cikin dubu: a raba ma'aunin samfuri da na ma'aunin duniya, a cire 1, a ninka da 1,000. Oksijin na mantul bai cika gocewa daga 5.5 cikin dubu ba, da ɗan sama ko ƙasa na 0.4, domin a zafi mai tsanani isotof ba sa rarrabuwa sosai. Amma ekilojait na ramin Roberts Victor a Afirka ta Kudu sun bazu daga wajen 2 zuwa 8. Abin da aka sani yana iya wannan aiki shi ne ruwan teku: idan ya ratsa ɓawon ƙasan teku cikin sanyi yana ɗaga lambar, cikin zafi kuma yana sauke ta. Wato dutsen da ka riƙe, wanda ya fito daga zurfin kilomita 150, ya taɓa kwanciya a ƙasan teku kafin ya nutse. Har yau ban daina mamakin wannan ba.

Mataki na shida: daiman da 'yan cikinsa

A fara da abin da ba ya ɓata dutse. A auna shi, a ɗauki hotonsa, a haska masa hasken infirared don a san yawan naitirojin da ke cikinsa da yadda ƙwayoyinsa suka taru, bibbiyu ko hurhuɗu, domin taruwar tana ƙaruwa da daɗewa da kuma zafi. Sannan a yanka siririn faifai ta tsakiyarsa da leza, a haska shi da lantarki. Za ka ga zobe bayan zobe kamar kututturen bishiya, wani lokaci da alamar ya narke ya sake tsirowa. Wanda ya ƙona daiman gaba ɗaya ya auna iskar da ta fito ya samu matsakaicin lamba ne kawai. Na'urar da ke harba ayon, wato ƙwayoyin zarra masu cajin lantarki, a ɗigo ɗaya tana bin zoben ɗaya bayan ɗaya.

Kabon na mantul yana wajen −5 cikin dubu, kuma a nan yawancin daiman masu 'yan cikin feridotait, wato waɗanda suka rufe ƙwayoyin ma'adinan feridotait a cikinsu, suka taru. Na ekilojait ma da yawa suna nan, amma suna da doguwar jela da ta kai wajen −40, ga wasu kuma da suka haura sifili kaɗan. Tun da kabon ɗin halittu masu rai yana wajen −25, na farar ƙasar teku kuma wajen sifili, masana da yawa suna ganin wannan kabon ne da ya nutse daga sama. Kada ka yanke hukunci da kabon shi kaɗai, domin akwai masu hujjar cewa rarrabuwar ruwan da daiman ya tsiro daga gare shi ma tana iya sauke lambar. A haɗa da naitirojin-15, wanda a mantul yake wajen −5, a lakar teku kuma yana sama da sifili. Baƙin daiman mai ƙuraje da ake kira kabonado, wanda ake samu a Afirka ta Tsakiya da Barazil, kabon ɗinsa mai sauƙi ne ƙwarai, kuma duk ɗalibin da ke kusa da iyakar ya kamata ya san kamanninsa.

Daiman kansa ba ya ba da shekaru kai tsaye, domin kusan kabon ne zalla, kabon-14 kuwa rabin ransa shekara 5,730 ne kawai. 'Yan cikinsa ake tambaya, wato ƙananan ƙwayoyin ganet ko firoksin ko salfaid da ya rufe lokacin da yake tsirowa. A tabbatar babu tsagar da ta kai daga ƙwayar zuwa waje, a fasa daiman ɗin a cikin rufaffen akwatin ƙarfe, a tsinto ƙwayar. A 1984 Stephen Richardson da abokan aikinsa sun tara ɗaruruwan ƙwayoyin ganet daga daiman na Kimbali da Finsch a Afirka ta Kudu suka samu shekara biliyan 3.2 zuwa 3.3, alhali ramukan ba su wuce miliyan 90 da miliyan 118 ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka iya auna reniyam da osmiyam a ƙwayar salfaid guda, abin da ya rage haɗarin cakuɗa daiman na zamani daban-daban. A 2002 James Farquhar ya samu a salfaid na Orapa wani tambari na farar wuta-33 wanda hasken rana kaɗai ke yi a sararin sama marar oksijin, irin na fiye da shekara biliyan 2.4 da suka wuce. A 2011 Steven Shirey da Richardson suka nuna cewa 'yan cikin ekilojait ba su yawaita ba sai daga shekara biliyan 3 da suka wuce zuwa gaba, suka danganta hakan da farkon nutsewar faifan ɓawon ƙasa cikin mantul irin na yau. A 2014 kuma Graham Pearson ya ba da rahoton ma'adinin ringwudait mai ruwa fiye da kashi 1 cikin ɗari a wani daiman na Juina, Barazil, shaidar cewa ya fito daga zurfin da ya wuce kilomita 500.

Mataki na bakwai: tuhumar lambobi

Idan sakamako ya dawo, kada ka fara da shekarun. Ka fara da abu uku da ya wajaba ɗakin gwajin ya aiko maka. Na farko shi ne gwajin wofi, wato an bi duk matakan da kwalbar da ba samfuri a ciki don a san dattin da aikin kansa ya ƙara. Ga ƙwayar salfaid da ido da ƙyar yake gani, wannan datti yana iya zama babban kaso na abin da aka auna. Na biyu shi ne ma'aunin duniya da aka auna tare da naka: NBS 987 na sitirontiyam ya kamata ya fito wajen 0.71025, JNdi-1 na niyodimiyam kuma wajen 0.51211. Na uku shi ne maimaici, samfuri guda an auna shi sau biyu daga farko.

Sannan ka zana layin shekaru. A kwance ka sa samariyam-147 bisa niyodimiyam-144, a tsaye niyodimiyam-143 bisa niyodimiyam-144. Ma'adinan da suka tsiro tare daga ruwa guda suna jeruwa a miƙaƙƙen layi, kuma gangaren layin shi ne shekaru. A ce gangaren ya fito 0.0065: ka ƙara 1, ka ɗauki logaridim na ɗabi'a, ka samu 0.00648, ka raba da saurin rikiɗar samariyam, wato 6.54 × 10⁻¹² a shekara, amsar ta zama wajen shekara miliyan 990, wanda shi ne abin da aka samu ga wasu daiman na ekilojait a Orapa. Amma ɗigo biyu kullum layi suke bayarwa ko da babu dangantaka tsakaninsu, kuma cakuɗuwar baƙon dutse da ɗan dako ma tana haifar da layi mai kyan gani wanda ba shi da ma'anar shekaru. Don ka kama wannan shaidar zur, ka sa ɗigon ɗan dakon a kan zanen; idan layin ya nufe shi kai tsaye, koma ga madubi da matsefata. Akwai kuma wani tarko: ma'adinan da ke cikin baƙon dutse suna ci gaba da musayar isotof muddin suna cikin zafin mantul, don haka layin ganet da firoksin na dutse guda yakan ba da ranar aman wutar ne, ba ranar haihuwar dutsen ba. Ɗan cikin daiman ma yana iya girme wa daiman ɗin da ya rufe shi, saboda haka ka rubuta a fili abin da ka auna: ƙwayar, ba gidanta ba.

Aikawa da ajiya

Na'urorin da ake wannan aiki da su suna wurare kamar Jami'ar Kef Tawun, da cibiyar CRPG ta Nansi a Faransa, da Jami'ar Albata a Kanada, da cibiyar Carnegie a Washinton, kuma hanyar shiga ita ce haɗin gwiwa ta hannun malaminka ko IRGM, hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta Kamaru. Ka rubuta musu da tambayarka, da hotunan yankakken dutse, da sakamakon sinadaran ƙwayoyi, domin wanda ya zo da waɗannan an fi saurarensa. Ku daidaita a rubuce tun farko a kan wa zai riƙe bayanan da sunayen da za su fito a rahoto. Kada ka aika da samfuri gaba ɗaya: ka raba kowane dutse uku, kashi ɗaya ya tafi, ɗaya a niƙa a gida, ɗaya kuma ya zauna a ma'ajiyar sashenku cikin rufaffiyar roba, nesa da danshin damina da ƙurar hunturu, da lambarsa rubuce da fenti a jikinsa da kwafin shafin littafin fili a naɗe tare da shi.